Kujerar da Baba Salihu Ya Ajiye

Baba Salihu munajjidi ne, wato mai gyaran kujeru da katifu, kuma duk wanda ya tashi a layinmu na unguwar Hindawiyya a Makka ya san shagonsa tun kafin ya san hanyar makaranta. Shagon yana ƙarƙashin gidanmu, ɗaki ɗaya a gaba inda yake aiki, wani ɗan ƙarami a baya inda yake kwana. Ni Mukhtaru a saman benen aka haife ni, a nan na yi aure, daga nan nake fita da tasi kullum safiya. Saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Dogo ne siriri, kullum da ƙananan ƙusoshi a bakinsa. Yakan zaro su ɗaya bayan ɗaya da harshe yana bugawa, kuma a haka yake amsa gaisuwa, a haka yake faɗa da mai kawo soso. Mu yaran layi muna jiran ranar da zai haɗiye guda, har muka yi gemu bai haɗiye ba. Ya shekara arba'in da ɗoriya a Makka amma Larabcinsa bai taɓa miƙewa ba, Sakkwatancinsa kuwa ko gezau. In ka ce masa "Ammu Salih" kamar yadda 'yan unguwa suke cewa, zai amsa. In ka ce "Baba Salihu" sai ya ajiye guduma ya dube ka.

Daga wani ƙauye kusa da Wurno ya zo aikin Hajji yana saurayin magidanci. Ya baro matarsa Ɗaso da jaririya a goye, da niyyar ya yi shekara biyu yana aiki ya koma da abin kafa sana'a. Ana haka sai saƙo ya iso cewa Ɗaso ta rasu, yayarsa ta ɗauki yarinyar. Ya ce zai koma baɗi. Baɗin ta zo bai tara abin da zai shiga gari da shi ba, ga shi ba shi da iƙama, takardar zama, kuma ya san in ya fita ƙasar ba zai sake shigowa ba. Haka baɗi ta yi ta bin baɗi. Na sha jin haushinsa a kan wannan, na kuma faɗa masa a gabansa. Ya ce, "Kai nan anka haihe ka, ba ka san kunyar komawa hannu sake ba." Gaskiya ne ban sani ba, amma har yau ban yarda ta kai a bar 'ya a kanta ba.

Sunan yarinyar Mujahida. Wajen matata Maha na ji sunan, ita kuma wajen wata tsohuwa 'yar garinsu, don shi bai taɓa furta shi ba. 'Yar fari ce, kuma mutanensu ba sa kiran sunan ɗan fari. "Yarinyag ga" yake cewa, tun tana goye har ta aurar da tata 'yar.

Kujerar kuwa daga wani tsohon gidan masu hidimar alhazai ta fito, a Shamiyya, tun ba a rushe unguwar ba. Masu gidan suna sauya kaya, suka kira shi ya kwashe tsofaffin ya cire abin da zai amfana. Akwai doguwa ɗaya da ƙananan 'yan uwanta, duk sun karairaye, sai guda ɗaya mai hannuwa da ta tsira. A ka ya ɗauko ta har Hindawiyya, don ya ce mota za ta gurje ta.

Ina yaro na fara ganinta, kuma ban taɓa ganin irinta ba. Ba ta da ƙiba irin ta kanabobi, manyan kujerun falon da muka saba. Ƙafafunta miƙaƙƙu ne, suna sirancewa zuwa ƙasa, an tsattsaga su a tsaye kamar ginshiƙan masallaci. Wurin jinginar zagaye ne mai ɗan tsawo kamar ƙwai, an sassaƙa ganye jere a gefensa, a can sama kuma an sassaƙa ƙulli kamar na ɗankwali. Duk katakon an shafe shi da ruwan zinare, wanda ya koɗe a bakin hannuwan inda tafin mutane ya yi ta gogawa. Yadin alharini ne mai ratsin shuɗi da fari, shuɗin ya dusashe. In ka danna mazaunin sai ka ji yana ƙas-ƙas, don gashin doki ne a ciki.

Na ɗaga ƙafa zan hau, ya cafke ni a wuyan riga.

"Wagga ba ta zama ba ce," ya ce. "Ta baƙuwa ce."

Kowa a layin ya san baƙuwar. Ran da Allah ya kira yarinyar aikin Hajji, za ta zo ta iske ubanta, shi kuma zai zaunar da ita a kan wannan kujera. Ba shi da gida, ba shi da gona, ba shi da takarda. Abin da yake da shi da zai nuna mata cewa shekarun nan ba a banza suka tafi ba, kuma bai manta da ita ba, shi ne kujerar da ba wanda ya hau tun da ta shigo hannunsa.

Ya yi mata abin da mutanenmu suke yi wa duk abin da suke ji da shi, wato ya hana ta shan iska. Ya naɗe ta da zanen gado, ya rufa leda mai kauri, ya ɗaure da igiya har ƙasa, ya tura ta lungun ɗakin kwanansa jikin bango. Uwata ma haka ta yi da tangaran ɗin aurenta, ta rasu ba ta ci abinci a ciki ba. Duk shekara in alhazai sun fara sauka, sai ya kwance saman ya duba yadin, ya shafa, ya mayar. Idonsa na munajjidi ne, yadi yake kallo. Ƙasan kuwa ba ya kwancewa.

Mun tsokane shi har mun gaji. In ya yi baƙo ya shimfiɗa masa tabarma, sai mu ce, "Baba, ga gadon sarauta can a lungu kana zaunar da mutane a ƙasa." Ya ce mu je mu sayi namu. Da wayar hannu ta zo, Maha ta nemo lambar Mujahida ta haɗa su. Na zauna ina sauraro ina tsammanin kuka da dogon zance. Sai na ji an gaisa, an tambayi ruwa, an tambayi yara, an yi shiru, an sake tambayar ruwa. Bai faɗa mata zancen kujera ba, kuma ya hana mu faɗa.

A wani Sha'aban, shekarun baya kaɗan, Mujahida ta bugo ta ce ta samu kujerar Hajji. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta ne suka haɗa mata. Ranar Baba Salihu bai buga ƙusa ko ɗaya ba. Bayan la'asar ya kira ni in taya shi fito da kayan baƙuwa tsakar shago.

Da na ɗaga ta na ji ba nauyi. Muka kwance igiya, muka yaye leda, wani wari na danshi ya taso. Daga sama lafiya lau take, zinaren yana ƙyalli, yadin ba tabo. Da zanen ya sauka ƙasa sai ga hanyoyin jar ƙasa sun bi ƙafafun baya sun haura. Gara ce. Bangon nan akwai bututun ruwa a cikinsa yana tsatsafa shekara da shekaru, ledar kuma ta riƙe danshin ta ɓoye ɓarnar. Ya sa babban yatsa ya danna katakon da ke riƙe da mazauni, yatsan ya shige. Ƙafar baya ta hagu fatar zinare ce kawai ta rage, cikinta fayau.

Ya zauna a ƙasa ya tofar da ƙusoshin bakinsa a tafin hannu. Ban taɓa ganin bakinsa ba ƙusa da rana ba, sai ya zama tsoho a gabana nan take. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya, na ce, "Da ka bar mutane suna zama a kanta, da tuni an gani."

Na ɗauki hotonta na tura wa wani mai sayar da kayan da a Jidda, Talal, wanda nake kaiwa filin jirgi lokaci-lokaci. Ya zo da kansa. Mutumin kirki ne kuma ya san aikinsa. Ya durƙusa da 'yar fitila ya leƙa ƙarƙashi, ya ce ta haura shekara ɗari nesa ba kusa ba. Ya ce irin wannan yayi Turawa suka yi shi lokacin da suka gaji da kujeru masu lanƙwashe-lanƙwashe, suka koma kwaikwayon gine-ginen mutanen Rum da Girka na da, shi ya sa ƙafafun suke kamar ginshiƙai. Ya ce darajarta tana cikin cewa ba a taɓa ta ba: yadin na asali, gashin dokin na asali, ko ƙusa ba a sauya ba. Shawararsa ita ce a kashe garar, a ɗura wa katakon magani ya daskare, a ajiye ta a kallo. Zai saya a haka, kuma abin da ya ambata zai riƙe tsohon har ƙarshen ransa.

Baba Salihu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce in tambaye shi, "In anka yi hakanan, mutum na iya zamnawa?"

Talal ya ce a'a, ko mage kada a bari ta hau. In ana son ta ɗauki mutum, sai an farke yadin, an cire katakon mazauni an sa sabo, an yanke ƙafar nan an dasa wata. Ya ce, "Ya ammi, in ka yi haka ta zama kujera kamar kowace kujera. Ni ba zan iya sayenta ba, wani ma ba zai saya ba."

"To a gaishe da Jidda," in ji Baba Salihu.

Duk azumin nan da watannin bayansa a kanta ya ƙare. Ya mayar wa mutane kayansu ba gyara. Idonsa ya riga ya yi yana, saboda haka da yatsa yake lalubo ƙusoshin da, yana zare su a hankali kada alharinin ya yage. Duk da haka ya yage a wuri biyu, don ya yi taushi kamar tsohuwar takarda, ya bi shi da zare siriri yana ɗinkewa hancinsa kusan yana taɓa yadin. Gashin dokin ya fitar ya shanya a kan rufin gidanmu, ya tsefe shi da hannu. Wani kafinta ɗan Yaman a unguwar Utaibiyya ya fafe masa sabuwar ƙafa, amma tsagin bai fito daidai da na sauran ba, kuma fentin zinaren kanti ya fi na da ihu. Duk wanda ya duba zai gane ƙafar baƙuwa ce. Da ya gama, ya ƙi yarda ni ko shi mu gwada. Buhunan shinkafa biyu ya ara a kantin maƙwabcinmu Nawaf ya ɗora mata, ya bar su kwana da yini. Ba ta ko yi ƙara ba.

Lokacin Hajji wanda ba shi da takarda ba ya nisa da ƙofarsa, don haka bai je tarbarta ba. Sai da aka sauko daga Mina, ana gobe za a kwashe su zuwa Jidda, sannan ta samu fita. Ni na ɗauko ta daga masaukinsu a Misfala bayan la'asar, da sharaɗin in mayar da ita da magariba. Doguwa ce, da goshinsa sak, furfura ta fara leƙowa ta gefen hijabi. Ta rungume wata jaka a cinya, ƙanshin daddawa ya cika motar. Har muka iso salati take yi a hankali.

Ya share shagon tas, ya kwashe soso da tsummoki, ya shimfiɗa sabuwar darduma. Kujerar tana tsakiya tana fuskantar ƙofa. Shi kuma yana gefe a kan tabarmarsa, cikin farar riga, bakinsa ba ƙusa.

Ta tuɓe takalmi tun daga waje. Tana sa ƙafa a ciki ta durƙusa a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya lau. Kun zo lahiya? Ya gajiyar aiki?"

"Alhamdu lillahi."

Bai dube ta kai tsaye ba, ita ma haka. Ya nuna kujerar.

"Tashi ki zamna can."

Ta ɗaga ido ta dubi kujerar, ta dubi tabarmar da yake kai. Sai ta ja jiki zuwa jikin bango, inda ko dardumar ba ta kai ba, ta zauna a kan siminti ta naɗe ƙafafu.

"Nan ma ya yi, Baba."

"Can za ki zamna."

"Nan ya ishe ni."

A nan na gane abin da ya faru, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Mu a Makka 'ya'yanmu mata a gefenmu suke zama a kanaba, ƙafa kan ƙafa, suna latsa waya. Shekara arba'in yana gyara kujerun irin waɗannan gidaje yana ganin haka, har ya manta cewa a inda ya baro 'ya ba ta hawa kujera a gaban uba. Na kasa haƙuri, na karya alkawarin da ya sa muka yi.

Na ce, "Hajiya, kujerar nan shekara talatin tana jiranki. Ba wanda ya taɓa hawanta, ko shi. An zo saye ya hana. Idonsa ya ƙarasa a kan gyaranta. Don Allah ki hau ko na minti ɗaya ne."

Ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta suna motsi. Da ta samu magana, ba ni ta amsa wa ba, ƙasa ta yi wa magana.

"Gwaggo da za ta rasu ta ce min, in Allah ya kai ki wurinai, ki nuna mai ba ki lalace ba don ba ya nan. Ni ban da abin da zan kawo mai sai wanga. Ƙaƙa za ni hau kujera a gabanai?"

Na ce to in kawo masa kujerar roba daga sama, kowa ya hau tasa. Ta girgiza kai. Na buɗe baki zan ƙara, Baba Salihu ya ɗaga mini hannu.

"Ƙyale ta, Mukhtaru. An yi mata tarbiyya."

Ya faɗe shi da alfahari, na ji shi a muryarsa. Amma na ga fuskarsa lokacin da yake faɗa, kuma ban so na gani ba.

Ta ce, "Baba, kai ka hau mana, in gane ka a kai."

Ya ce, "Ba tawa ba ce."

Haka suka zauna, shi a tabarma, ita a siminti, kujerar tana tsakaninsu ba kowa. Maha ta sauko da shayi. Ta kwance jakarta ta tura masa daddawa da kuka da ɗan kilishi. Suka lissafa waɗanda suka mutu a ƙauyen, ya tambayi wata rijiya, ta ce an cike ta. Can da hira ta ɗan saki, na ga ta miƙa hannu ta shafa ƙafar kujerar da ta fi kusa da ita, sabuwar nan ta ɗan Yaman, ta ce, "Tana da kyau." Ya ce, "Wannan ba ta asali ba ce." Ta ce, "Ita tah hi kyau."

Aka kira magariba. Ta sake durƙusawa ta ce ya yafe mata. Ya ce ba ta yi masa komai ba, shi ne mai neman yafiya. Ya rako ta har bakin mota, shi da ya yi wata biyu bai fito waje ba, ya tsaya a titi har muka sha kwana.

Bai sake naɗe kujerar ba. Ya bar ta a tsakar shago inda take, ƙura tana sauka a kanta, yana kewaye ta in zai wuce. Aiki ma ya rage, don idon ya tafi. Ya ci daddawar nan kaɗan-kaɗan har ta kai shi sanyi. A watan Rajab Maha ta sauka da kunun safe ta same shi a kan tabarma ya cika.

Aka yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Shara'i. A Makka in an yi rasuwa, kwana uku ake jera kujerun haya a titi daga magariba zuwa isha, a ja fitilu. Akwai layi na gaba da ake ware wa dangin mamaci, masu ta'aziyya su bi su ɗaya bayan ɗaya. Da masu kujeru suka tambaye ni guda nawa za a sa a layin dangi, sai na tuna ba shi da ɗan uwa ko ɗaya a nan. Na shiga shagon na ɗauko kujerar, na kaɗe ta da hulata, na ajiye a wurin. Ni da Nawaf muka tsaya a gefenta.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, Mujahida ce ta kira da bidiyo. Tana zaune cikin mata a can ƙauyen, idonta ya kumbura. Tsofaffin layinmu suka ji cewa 'yarsa ce, kowa ya ce zai yi mata gaisuwa. Hannuna ya gaji da riƙo, ga mutane suna miƙo mini hannu, sai na jingina wayar a jikin alharinin, ta fuskanci layin masu zuwa.

Ta ga ratsin shuɗi a gefen hoton, ta ce, "Malam Mukhtaru, ina ka aje ni?"

Na ce, "A kan kujerarki, Hajiya. In sauke ki?"

Wani tsoho ya riga ya sunkuyo yana jira da hannunsa a ƙirji.

"A'a," ta ce. "Bar ni nan har a tashi."